Jakar Surukina a Hanyar Arfa

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wanda duk yake neman sakarai a cikin labarin nan kada ya wahalar da kansa, ni ne. Na haura saba'in. Bokona ya tsaya a aji huɗu, allona kuma bai wuce izu biyar ba. Da wannan ɗan guzurin na je Makka aka naɗa ni alƙalin tarihi na yini guda, kuma a yinin nan saura ƙiris 'yata ta rasa mijinta.

Mun tashi da asuba daga Ɗambatta, mu huɗu a mota, muka nufi filin jirgin Kano. Umra ce ta kai ni, sai kuma ganin 'yata ta biyu, wadda ke aure a can shekara goma sha. Jirgi dai jirgi ne, an ɗaure ni a kujera kamar ragon layya, an ba ni shinkafa a ɗan kwanon da ko kyanwa ba za ta gode ba. Muka sauka Jidda, muka shiga bas, na yi ta leƙen duwatsu baƙaƙe ƙirin har Makka. Na yi ɗawafina na yi sa'ayi, aka aske ɗan abin da ya rage a kaina, alhamdu lillahi. Wannan ɓangaren na tafiyar ba ni da abin kunya a cikinsa.

'Yata da mijinta suna haya a hawa na uku, tun da aka rushe unguwarsu ta Nakkasa. Sun nuna mini wurin daga nesa, tudu ne an aske shi tas kamar kan jariri ranar suna. Surukin nawa gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, abin da su ke kira mukayyif. Ya doshi hamsin, dogo, marar magana, kuma tun da ya auri 'yata bai taɓa haɗa ido da ni ba, bare ya sa loma a bakinsa ina wurin. In na shigo falo yana cin abinci, sai ya rufe kwano ya ce ya ƙoshi. Yana da ciwon sukari, irin wanda ake yi wa allura kullum safiya. Na sani. Na faɗa a nan ne don kada a ce daga baya ban sani ba.

Kwanakin farko ci da barci na yi. Da safe tamis, wani faffaɗan burodinsu, da wake mai man zaitun, da rana shinkafa da kaza. Goro kuwa a can sai ka yi tunani sau biyu kafin ka raba shi da maƙwabci. Hausawan garin Hausarsu ta sha Larabci har ta ƙoshi, sai ka ji tsoho da furfura yana cewa "yalla mu tafi, kalas". Jikokina ma in na yi musu magana sai su dubi uwarsu ta fassara.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar surukina ya kai ni taron ƙungiyarsu a wani fili da suke haya. Su kusan ashirin ne, wasu haifaffun Makka, jikokin mahajjatan da suka zo da ƙafa, wasu 'yan aiki irinsa masu iƙama, wato takardar izinin zama. Abin da suke yi shi ne, sau ɗaya a shekara, ba a lokacin Hajji ba, sai su yi shigar mahajjatan dā su taka daga bayan Mina zuwa Arfa, don 'ya'yansu su ga hoto su san daga inda suka fito. Shugabansu malamin makaranta ne, haifaffen can, suna ce masa madugu. Na tarar da su cikin gardamar da aka ce ta shekara uku ana yi. Madugu da mutanensa sun kafa iyaka: duk abin da ya shigo ƙasar Hausa bayan shekara dubu ta Hijira ba ya shiga ayari. Ɗaya ɓangaren kuma, wanda wani gajeren tela mai son shayi ke jagoranta, sun ce kakanninsu da suka sani ai a zamanin lori suka zo, da butar shayi a ɗaure a kaya, don me za a kwaikwayi mutanen da ba wanda ya san sunansu?

Da suka ga farin gemu daga gida, sai suka ce ga mai raba gardama ya zo. Aka sa ni a tsakiya. Na gyara zama na ce ai guzurin mutanen dā sananne ne, kilishi da ƙuli-ƙuli da garin rogo. Madugu ya yi ɗan tari, cikin ladabi ya ce, ya ammi, wato baffa a Larabcinsu, gyaɗa da barkono da rogo da masara duk baƙi ne, ta teku suka zo bayan iyakar da muka sa, haka ya karanta. Wato duk abin da na lissafa babu ko ɗaya da ya tsira. Ni da aka yaye ni da kunun gyaɗa, yau ake gaya mini baƙuwa ce. Tela ya rufe baki da hannu.

To, tsoho in ya ji kunya a gaban yara hanya biyu gare shi, ko ya yi shiru ko ya ƙara murya. Na ƙara murya. Na ce gwada su nake yi, kuma tun da sun san wannan, me ya sa suke wasa da sauran? Na tambayi yadda suke shan ruwa, aka ce akwai motar da ke bin ayari a baya da ruwan sanyi da wayoyinsu, kuma surukina ne ke tuƙa ta saboda larurarsa. Na ce wane irin ayari ne wannan da mota ke bin gindinsa kamar ɗan akuya? In za a yi a yi, in ba za a yi ba a zauna a gida a kunna mukayyif. Na kuma juya na ce ashe ni da shekaruna zan taka a ƙasa, mijin 'yata yana bina a kan kujera. Wasa nake yi, Allah ya sani. Amma shi ya sunkuyar da kai ya ce zai taka.

Kafin magariba an gama shawara. Mota za ta wuce gaba ta jira mu a Arfa, wani ne zai tuƙa. Ruwa a salka, wato jakar fatar akuya. Ni kuma aka ba ni muƙamin mai binciken kaya.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, 'yata ta tare ni a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta ce:

"Baba, ya yi allurarsa. Dole ya ci abu sosai kafin hantsi. Jakar nan da na ba shi kuma kada ta rabu da shi."

Na ce to, to, Allah ya yi miki albarka. Hankalina yana kan malfar da aka ara mini, wadda ta ƙi zama a kaina.

A bayan Mina muka taru, mu goma sha bakwai, cikin rigunan saƙi da takalman fata da sanduna. Gaskiya mun yi kyau. Wata motar tsaro ta rage gudu ta tsaya, madugu ya nuna takardar izini, suka dube mu sama da ƙasa suka wuce. Takardar nan ita kaɗai ce abin zamani da ban iya kora ba. Sauran kuwa na shimfiɗa tabarma na ce kowa ya zazzage. Na karɓe agogo, na karɓe tabarau, na karɓe wayoyi. Wani na sa shi ya cire takalminsa saboda ƙasan roba ne, ya sa na aro da suka matse shi. Tela na karɓe masa butar shayi da ganye, ya dube ni kamar na yanka masa ɗa. Goro an yi gardama a kansa, na yanke hukunci cewa ya halatta, don akwai biyu a aljihuna.

Sai aka zo kan surukina. Ƙaramar jaka ce baƙa mai zip. Na buɗe: alawa, kwalin lemo biyu, da ɗan abin da yake huda yatsa ya auna jini. Na ɗaga alawar sama na tambayi jama'a a wace kasuwar Borno ta shekara ɗari tara ake sayar da wannan. Aka yi dariya. Madugu ya matso ya ce a hankali, ya ammi, wannan kam a bar masa. Na ce in aka bar wa mutum ɗaya an bar wa kowa, ai ga dabino a guzuri, kuma mutanen dā ba su san wani ciwon sukari ba. Na dubi surukina na ce ko ba haka ba?

Ya ce, "Yadda ka ce, Baba."

Jakar ta shiga mota, mota ta tafi.

Hanyar masu ƙafa faffaɗa ce, shimfiɗe, kuma ba kowa a kanta sai mu. Wanda ya san wurin nan a kwanakin Hajji ba zai gane shi ba. Ga tantuna ba mutane, ga layin famfo ba ruwa, don ba lokacinsu ba ne, ga dogayen sandunan fesa raɓa a tsaye a bushe. Ƙarar sandunanmu kawai kake ji. Da farko akwai daɗi, iska na kaɗawa, ina gaba ina ba su labarin fatake, rabi na ji daga kakana rabi ina ƙerawa nan take.

Da rana ta ɗaga aka kwance salka ta farko. Ruwan ya fito jajir kamar shayi, da ɗacin bagaruwa da warin bunsuru. Sabuwar fata ce, ashe sai an jiƙa ta kwanaki ana zubarwa kafin a sha. Ni da na ce a saya ban san haka ba, a rataye kawai na taɓa ganinta ina yaro. Na kurɓa na haɗiye da ƙyar na ce haka ruwan dā yake. Kowa ya ɗan jiƙa leɓe ya miƙa gaba.

Muka ya da zango a Muzdalifa da hantsi, a inuwar wata gada. Guzuri gumba ce da dabino a cikin taiki, kuma a gwiwata na ajiye taikin, ni nake rabawa. Nan ne kuskuren da ya fi duk sauran. Duk mai son ci sai ya zo gabana ya miƙa hannu. Kowa ya zo ban da mutum ɗaya. Surukina ya koma can bayan ginshiƙi ya zauna ya juya baya. Na aika masa da rabonsa, ya ɗauki dabino ɗaya don kada ya mayar da hannun suruki, ya ce a gaya mini ya ƙoshi. Ni na san wannan "na ƙoshi" ɗin, kullum ina jin ta a falonsa. Da na tashi na ba shi wuri minti goma da ya ci. Ban tashi ba. Na ce kada a yi almubazzaranci, na raba ragowar dabinon da na kusa da ni, muka karkaɗe taiki.

Tsakanin Muzdalifa da Arfa babu inuwa. Rana ta tsaya a ka, kwalta na huci ta cikin takalmin fata. Hira ta mutu. Na lura surukina, wanda tun safe yake taka bayana kaɗan don girmamawa, ya koma can ƙarshe. Na waiwaya sau ɗaya na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, na ce a raina kowa ma gumi yake yi. Na sake waiwayawa na ga sandarsa na rawa. Sai na ji ya yi magana da ƙarfi, shi da ban taɓa jin muryarsa ta wuce tabarma ba. Wai a miƙo masa sukurdireba, injin na zubar da ruwa. Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko a shekara goma sha, kuma na ga bai san ko ni wane ne ba.

Gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Mutum biyu suka tare shi kafin kansa ya bugi ƙasa.

Muka kwantar da shi, muka haɗa malfuna muka yi masa inuwa. Jikinsa sanyi ƙalau a cikin wannan zafi, haƙoransa na haɗuwa. Madugu ya ce sukarinsa ne ya faɗi, yana bukatar abu mai zaƙi yanzu yanzu, in ya suma gaba ɗaya ba za mu iya ba shi komai ta baki ba. Aka juye taiki, ƙwallayen dabino ne kawai suka zubo. Aka ce a kira mota, sai kowa ya tuna inda wayarsa take. Arfa tana gabanmu, muna hango fararen alamunta, amma ko mai gudu sai ya yi kusan awa. Biyu daga cikin masu ƙarfinmu suka yar da sanduna suka yanki daji zuwa titin motoci, cikin takalman da ba a yi su don gudu ba.

Ni kuma, mai binciken kaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Na ce don Allah wanda duk ya saɓa mini ya faɗa. Wanda ya ɓoye waya, ko alawa, ko cingam, ko mene ne, ya fito da shi, ba zan ce komai ba, ni zan gode masa. Suka yi ta girgiza kai. Ban taɓa jin haushin biyayya ba sai ran nan. Yaran kirki ne, dattijo daga gida ya ce a ajiye, sun ajiye. Na durƙusa kusa da surukina ina kiran sunansa, abin da ban taɓa yi ba, idonsa na rufewa yana buɗewa. Abin da ke kaina ɗaya ne, matakalar nan ta hawa uku, da yadda zan hau ta in ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai na ga tela yana kwance rawaninsa. Naɗi ɗaya, biyu, uku, sai ga ƙananan ƙunshin sukari na takarda guda huɗu, irin na masu shayi, sun faɗo. Ya ce tun da na karɓe ganyen bai ga amfanin faɗa mini akwai saura ba. Ya yaga biyu, madugu ya shafa wa surukina a dasashi da cikin kumatu. Muka jira. Ban san tsawon jiran ba, ni na karɓe agogo. Can ya motsa harshe ya haɗiye. Aka dama sauran biyun a ruwan salkar nan mai ɗaci aka ɗiɗɗiga masa. Ya yamutsa fuska, wannan yamutsawar kuwa ta fi mini duk wani murmushi da na taɓa gani. Da idonsa ya dawo daidai ya gan ni a kansa, sai ya yi yunƙurin tashi zaune, ya kawar da kai.

Ba a jima ba masu gudun suka dawo a bayan wata a-kori-kura ta ma'aikatan shara. Direban mutumin Maraɗi ne. Ya dube mu da saƙi da salka ya tambaya ko fim muke yi. Ya ba da lemon da yake sha, muka ɗora surukina a gaba, ni da madugu a baya tare da tsintsiyoyi. Haka na shiga Arfa, ba a ƙafa ba, ba a raƙumi ba.

A asibiti aka sa masa ruwa. Likitan ya tambaya ta bakin madugu wane ne ya raba mai allurar sukari da jakarsa ya sa shi tafiya a rana. Surukina, daga kan gado, ya ce shi ya manta da ita a mota. Da muka kaɗaita kuma ya ce in yafe masa, ya ɓata mini tafiya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

'Yata ta zo. Ta duba mijinta, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Kwana huɗun da suka rage mini a gidan ba ta rage mini komai ba, abinci a kan lokaci, ruwan wanka, kaya a goge. Kalma ɗaya ba ta ce mini ba a kan jaka. Na yi ta jira ta faɗa in samu in ba da haƙuri, ba ta ba ni wannan ƙofar ba. Na ba da shi dai a bakin mota ranar tafiya, ta ce ba komai, Baba, Allah ya kiyaye hanya. Na ji an ce ƙungiyar ta sake zama. Iyakar shekara dubu tana nan, gyaɗa ba ta dawo ba, amma mota ta koma bayan ayari, kuma sun rubuta cewa magani da ruwan sha ba su da zamani. Tela an ba shi izinin shayi a zango. Ba a gayyace ni zaman ba.

Na dawo Ɗambatta ranar Talata. Maƙwabta suka cika zaure, aka raba dabino da zamzam, aka ce Alhaji a ba mu labari. Na ba su, da ɗan gyara nan da can. Na ce tafiyar ta koya mini cewa gemu ba littafi ba ne, kuma in mai kunya ya ce maka ya ƙoshi, ka tashi ka ba shi wuri. Wannan gaskiya ce, har yanzu ina kanta. Da na tsaya nan da na tsira. Amma da na ga ana gyaɗa kai sai bakina ya ƙara gaba, na ce duk da haka a yaba mana, don ba ƙaramin ƙoƙari muka yi ba, saura ƙiris mu yi ta daidai da ta mutanen dā.

Ashe uwargida tana bayan ƙofar zaure da tiren shayi, kuma ashe ta riga ta yi waya da 'yarta. Ta ajiye tiren a hankali ta ce:

"Saura ƙiris kam, Malam. Su mutanen dā a gefen hanya suke binne nasu su wuce. Da ka dawo mini da 'yata tana takaba, ai da tarihi ya cika."